Tab a Cikin Buhun Shanshera

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Ɗayyaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce daga gwaggonki, mai yawan da takarda ba za ta ɗauke ta duka ba, tare da addu'ar Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da malamanku na can Oyo. Allah ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya tsare ki daga zazzaɓin baƙon wuri, ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu a nan sai godiya. Damina ta ja da baya, ruwan fadama ya fara sauka, daga Ambursa har Argungu ba abin da ido ke gani sai shinkafa ta nuna tana jiran lauje. Babanki ya yanke tasa ta gonar bakin gulbi, kuma Allah ya sa albarka. Iya, kakarki, gwiwa ce kawai ke damunta, amma bakin nan nata yana nan daram, ba wanda ya tsira. Ƙanwarki Ilham ta koma makaranta, ta yi tsawo har ta kusa kamo innarku. Kamilu, ɗan ƙanin marigayi maigidana, shi zai miƙa miki wannan takarda a kan hanyarsa ta kai albasa Badun. Akwai ƙullin bandar kifi tare da ita, ki tabbata ya ba ki duka, don na san halinsa da tarwaɗa.

Bari in fara da wani ruɗani da mutane da yawa kan faɗa, wanda na ji labarin ke ma kin faɗa. In mutum ya taɓa wurin rubutu a tab ko waya, ya ga kibod bai fito ba, wato jerin haruffan nan da ke tasowa daga ƙasan gilashi, abin da ke fara zo masa a rai shi ne na'urar ta mutu. Wani ya ce gilashi ne ya daina jin yatsa, wani ya ce ruwa ne, wani ya ce tsufa. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau. Sabuntawa ta yi, abin da kuke kira afdet, a garin haka ta sauya wa abubuwa mazauni. Kamar ki je kasuwa bayan hukuma ta sake tsarin rumfuna ne, ki nufi wurin mai kifin da kika saba, ki tarar da mai tumatir. Mai kifi bai mutu ba, bai bar gari ba, layi aka sauya masa. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa na zauna in rubuto miki da hannuna. Na so in aika bayanin ta wayar abokiyar ɗakinki Joyce, sai na ga takarda ta fi, don kina iya shimfiɗa ta gefen tab ɗin kina bi a hankali. Ban da haka, akwai maganar da ba ta kamata ta bi ta hannun kowa ba sai naki.

Maman Joyce, maƙwabciyarmu Susanna, ita ta shigo da labarin ranar Laraba da hantsi, ko zama ba ta yi ba ta fara. Ta ce Joyce ta kira ta, ta ce lafiyarki lau, amma tun da tab ɗinki ya yi sabuntawa haruffa suka ɓace, in kin taɓa wurin rubutu sai hoton makirfo ya fito yana jira ki yi magana. Ke da sanƙarau ya tafi da jinki tun kina 'yar ƙarama, maganar baki ta bi shi, ke ce na'ura za ta ce ki yi mata magana? Ta ce kun kai wa mai gyaran waya na bakin ƙofar makaranta, ya juya shi, ya ce sai an yi masa filashin, a wanke komai a fara sabo. Kika ƙi, don saƙonnin innarki suna ciki. Kika naɗe shi a ɗankwali kika tura ƙarƙashin akwati. Tun daga nan, in ji Joyce, ba kya zuwa kasuwa, don da shi kike rubuta wa masu sayarwa abin da kike so, ba kya ɗaga hannu a ajin malaman da ba su iya maganar hannu ba, kuma maganar hannun 'yan can ba ta gama zama a yatsunki ba. Ƙarshen maganar shi ne wanda ya hana ni sakat: wai kin ce in an yi hutun tsakiyar zango za ki haɗa kayanki ki dawo gida, ba za ki koma ba.

Ni ma a nan na yi ta aika miki saƙo ba amsa, na ce ko jarrabawa ce, ko data ce ta ƙare. Ban so in matsa ba, don na san mai karatu ba ya son yawan leƙe. Amma gidan nan, Ɗayyaba, tun tafiyarki ya yi mini faɗi. Ke ba mai surutu ba ce, kowa ya sani, amma ashe shirunki daban, shirun gidan da ba kowa daban. Har yanzu in na gama dama kunu da safe sai in tsinci kaina a ƙofar ɗakinki ina kunna fitila ina kashewa, yadda na saba kiranki. Wani lokaci ina gyaran takardun 'yan ajina, in ga wata amsa mai ban dariya, sai in ga hannuwana sun tashi da kansu suna ba da labari, ba mai kallo sai kujera. Tun kina shekarun fara makaranta babanki ya kawo mini ke riƙo, ni da Allah bai ba haihuwa ba, kuma bayan rasuwar maigidana ke kaɗai ce nake dafa wa abinci da daɗin rai. Yanzu rabin gwangwanin shinkafa ma sai ya kwana. In na dawo daga makaranta a keke, na sauka bakin layi, ba na sauri, don ba wanda ke leƙowa ta taga. Ba don ki ji tausayina nake faɗa miki ba. Don ki san wadda ke miki wannan magana ta san ciwon shiru ne.

Joyce ta kuma faɗi wani abu da ya fi komai tsaya mini a rai. Wai tun kafin naki tab ɗin ya samu matsala innarki ta daina amsa saƙonninki, kuma kin ɗauka ta gaji ne, ko kin yi mata wani laifi. To a nan ne nake so ki gyara zama, don ranar Asabar na shiga mota na tafi Argungu, kuma abin da na gano can shi ne zuciyar wannan wasiƙa.

Na tarar da gidan a hargitse. Babanki Shafi'u ya kira mai kura za a kai shanshera injin casa, an fitar da buhuna sun jeru a zaure, saura ɗaya a ɗakin innarki Laure, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wannan ba inda za shi. Shafi'u ya tambaye ta dalili, ta ce babu dalili, kawai ba za shi ba. Kin san babanki da tsokana. Ya ce ko zinariya ta binne a ciki ne a faɗa masa ya daina wahalar kamun kifi da homa, ya ce shi dai bai taɓa ganin matar da ta yi ƙawance da buhu ba sai tasa. Iya daga kan tabarmarta ta ce a bar ta, wataƙila iri take ɓoyo, matan yanzu sun fi maza sanin noma, ta kuma ce wa Shafi'u shi da ya bar gorarsa ta su ta tafi da ruwa bara ba shi da bakin yi wa wani dariya. Mai kura yana tsaye yana cewa rana na yi. Innarki ba ta yi dariya ba, ba ta yi fushi ba, ta dai riƙe ƙyauren. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na ce wa babanki ya tafi da waɗanda aka fitar, ni zan sayi wannan in ya zama dole. Da suka fita, Laure ta kama hannuna ta ja ni ciki, ta saki labule, ta zura hannu cikin shansherar har gwiwar hannu, ta zaro tab ɗinta, irin naki sak, wanda na saya muku rana ɗaya.

Da ƙyar na haɗa labarin, don kin san innarki, magana ɗaya sai ta kewaya gulbi kafin ta iso. Nata ya riga naki yin sabuntawar. Ta wayi gari ta taɓa wurin rubutu, haruffa babu, sai makirfo. Ta tuna lokacin da wayar babanki ta faɗa ruwa a gulbin Matan Fada aka binne ta cikin shinkafa ta farfaɗo, sai ta ce wannan ma raɓar gulbi ce ta shige shi. Ta tura shi cikin buhu, kullum ta zaro ta duba ta mayar. Na tambaye ta me ya hana ta aiko mini, ko ta ba wani ya duba. Ta sunkuyar da kai tana tsince ƙaiƙayi daga zanenta, ta ce in ta ce a gyara, za a tambaye ta wa take rubuta wa.

Ɗayyaba, ke 'yar fari ce. Kin san al'adar, amma kin tashi a hannuna a birni, ban tabbata kin san nauyinta a wuyan mace irin innarki ba. Tun da ta haife ki ba ta taɓa kiran sunanki a gaban mutane ba. Ba ta taɓa ɗaukarki a gaban Iya ba, ko ranar da zazzaɓin nan ya kwantar da ke, a bayan ɗaki ta yi kukanta, mu muka yi jinya. In za ta ambace ki sai ta ce 'yar Gwaggo. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwarta ta yi mata, kuma a wurinsu wannan kunya ita ce mutunci. Sauran 'yan fari suna jin soyayyar a muryar uwa ko da ba ta kira suna ba. Ke ba ki samu wannan ba. Shi ya sa da na matsa mata ta shiga ajin manya na mata, ba don ta karanta allon asibiti ta yarda ba, ko da yake abin da ta faɗa wa mutane ke nan. Tab ɗin nan shi ne wuri na farko a duniya da ta yi miki magana ba wanda ya ji. Tana shiga ɗaki kamar za ta ɗauko gishiri, ta rubuta da yatsa ɗaya cewa ruwa ya ƙaru, kaza ta ƙyanƙyashe, an ci abinci kuwa, ta fito fuskarta kamar ba abin da ya faru.

To ki duba abin da makirfo ya zame mata. Yana nufin ta buɗe baki, a gidan da katangarsa ta zana ce, surukarta na zaune a tsakar gida, ta yi wa 'yar farinta magana da murya. Ta ce ta gwada sau ɗaya da raɗa, lokacin da Iya ta shiga alwala, na'urar ta rubuta wani Turancin da ba ta san kansa ba, ta tsorata ta kashe. Ke a Oyo an ce ki yi magana ba ki da hali, ita a Argungu an ce ta yi magana ba ta da fuska. Kowacce ta naɗe nata ta ɓoye, kowacce tana zaton ɗayar ce ta juya baya.

Na fita da shi inuwar darbejiyar bayan gida, na hure ƙaiƙayin da ya shiga ramin caji, na jona shi da ƙaramin batirin da nake yawo da shi a jaka. Kafin tukunyar da ke kan murhu ta tafasa haruffa sun dawo. Yanzu ga yadda na yi, kuma haka za ki yi, don na'urorin naku uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ki fara ba shi caji sosai, don ya daɗe a kwance. Ki kunna, in ya gama tashi ki danne maɓallin gefe ki zaɓi sake tashi, wani lokaci wannan kaɗai ya isa, kamar mutum ne ya farka a ruɗe aka ce ya koma ya wanke fuska. Daga nan ki buɗe wurin saƙo ki taɓa inda ake rubutu. In makirfon ya fito kada ki rufe da fushi. Ki duba can ƙasa, a kusurwa, za ki ga wata 'yar alama ƙarama mai kama da kibod, a wasu kuma mai kama da ƙwallon duniya. Ki taɓa ta, in ba ta motsa ba ki ɗan danne. Jeri zai fito na hanyoyin shigar da rubutu, za ki ga an zaɓi na murya. Ki mayar da zaɓin kan kibod. A tab ɗin innarki wannan bai wadatar ba, don kibod ɗin ba ya cikin jerin sam, saboda haka kada gabanki ya faɗi in naki ma haka ne.

In ba ya ciki, sabuntawar ce ta kashe shi, sai ki bi shi gida. Ki shiga setin, alamar nan mai kama da gargare mai haƙora. Ki gangara ƙasa zuwa sashen da ya shafi tsarin na'ura gaba ɗaya, a ciki ki nemi inda aka yi maganar harshe da shigar da rubutu. Turancinki ya fi nawa yanzu, za ki gane shi. A can akwai wurin kibod na kan gilashi, da inda ake kunna su da kashe su. Za ki ga kowanne da ɗan makunni a gabansa. Ki kunna na haruffa, ki sa shi ya zama shi ne na dindindin, shi kuwa na murya ki kashe shi gaba ɗaya, ba ki da bukatarsa, kuma ba zai sake samun hanyar yi miki rashin kunya ba. Kafin ki fita, ki leƙa wurin harsuna ki tabbata Hausa tana nan tare da Turanci, don sabuntawa takan zubar da ita. Ki kuma kashe Bulutut na ɗan lokaci. Na tuna kin ce kukan jona kibod na tebur a ɗakin kwamfutarku, in tab yana zaton har yanzu a jone yake, yakan ɓoye nasa.

Akwai kuma halin da zai fito ya ɓace, ko ya daskare yatsa na taɓawa ba ya rubutu. In haka ta faru ki koma setin, ki shiga jerin manhajoji, ki nemo kibod ɗin a cikinsu. Ki danna inda ake tsayar da shi dole, sannan ki shiga ma'ajiyarsa ki share abin da ake kira kash, wato tarkacen wucin gadi da yake tarawa, kamar tokar murhu ce, kwashe ta ba ya ɓata girki. Wannan ba ya taɓa saƙo ko hoto ko ɗaya. Bayan haka, in kin samu intanet ɗin makaranta, ki shiga kantin manhajoji, wurin da ke nuna waɗanda ke jiran sabuntawa, ki sabunta kibod ɗin shi ma, ba sai kin rubuta komai ba, taɓawa ce kawai. Sau da yawa rigimar ke nan: gida ya zama sabo, shi yana nan da tsohon hali. In kuma ya fito ɗan ƙarami yana yawo a tsakiyar gilashi, ko ya rabu biyu dama da hagu, ba lalacewa ba ce, wani salo ne. Ki kama shi ta ɗan layin da ke ƙasansa ki ja shi zuwa gindi ya zauna, ko ki taɓa 'yan ɗigon da ke samansa ki kashe salon. Abu ɗaya tak na hana ki: duk inda kika ga an ce a mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani, ki janye yatsanki kamar kin ga kunama. Wannan shi ne filashin da mai gyara ya faɗa, kuma kin yi daidai da kika ƙi. Ban koya miki haka ba, hankalinki ne, na kuwa yi alfahari.

Da haruffan suka dawo na kunna data, sai saƙonninki suka yi ta shigowa a jere. Ban karanta ba, na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, leɓɓanta na motsi, har ta kai na ƙarshe. Daga baya ne ta faɗa mini cewa a cikinsa kin tambaye ta ko kin yi laifi. Ta ajiye tab ɗin a kan turmi, ta je ta ɗauki tukunyar da ta riga ta wanke ta sake wanke ta. Na bar ta. Can ta dawo ta shige ɗaki, ta daɗe ƙwarai, har Iya ta fara tambaya ko gishirin nan a Kamba ake ɗebo shi. Da ta fito ta nuna mini gilashin daga nesa, ba don in karanta ba, don in gaya mata ko ya tafi. Na ga tsawonsa ya cika fuskar tab, ita da ba ta wuce layi biyu. Na ce mata ya bar nan, amma bai isa ba, sai ranar da aka kunna na can. Ta ce to. Ban san abin da ta rubuta ba, kuma ba zan tambaya ba. Yana nan a hanya yana jiranki, ba abin da ya tsare shi sai ɗankwalin da kika naɗe tab ɗinki da shi.

Saura maganar dawowa. Zan faɗa miki gaskiya, don ban saba yi miki wata ba. Da Susanna ta ce kina son dawowa, kafin hankalina ya ce komai zuciyata ta riga ta yi tsalle. Da la'asar ɗin ranar har na buɗe ɗakinki na kakkaɓe katifa. Ina cikin yi na tsaya, tsintsiya a hannu, na tambayi kaina wa nake yi wa wannan murnar. Ɗayyaba, in kin dawo ni zan samu abokiyar cin tuwo, ke kuma ki rasa abin da kika yi shekaru kina hawa dominsa. A unguwar nan kaɗai na san yara kurame da ke zaune a gida, ba don ba su da kai ba, don ba malamin da zai yi musu magana da hannu. A Argungu da Augie sun fi haka yawa. Ke kika ce mini, da yatsunki, a tsakar gidan nan, kina so ki zama malamar da ba ki samu ba da wuri. Ban yarda makunni ɗaya da ya kashe kansa a cikin setin ya zama shi ya rushe wannan ba. In karatu ne ya gagare ki, ko wurin ya zama cuta gare ki, ni da kaina zan shigo motar Kamilu in zauna kan albasa in zo in ɗauke ki. Amma ba a fasa tafiya don igiyar takalmi ta kwance. Sannu ba ta hana zuwa. Maganar hannun 'yan can ma za ta zauna, kamar yadda tamu ta zauna. Ni kuwa kada ki sa ni a lissafinki, ina da 'yan ajina masu cika kunne, ina da Susanna, kuma hutun ƙarshen shekara ba nisa.

Babanki yana gaishe ki, bai san komai a kan buhun ba har yanzu, kuma ki bar shi a haka. Iya ta ce a gaya miki kada ki saba da cin barkonon Yarabawa ki dawo kina raina miyarta. Ilham tana gaishe ki, ta ce ta iya haruffan hannu duka yanzu, wai ki shirya jarraba ta. Kawunki Ɗanladi da matarsa Zainabu na Ambursa suna gaisuwa. Malam Toma da matarsa Susanna sun ce ki riƙe musu Joyce da kyau, ni ma ki gaishe mini da ita, ki ce Allah ya saka mata da alheri, ta yi abin da 'yar'uwa ke yi. Innarki ba ta ba da saƙon gaisuwa ba, kin san ba za ta ba da ba. Ita ce dai ta zaɓi kifin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce a kai wa masu karatu.

Yanzu ki ajiye wannan takarda a gefe, ki jawo akwati, ki kwance ɗankwalin, ki gwada da hannunki. In kin kuskure hanya ki koma baya ki sake, ba abin da zai fashe. In haruffan suka taso, na san za ki so ki fara gaya mini an dace. Kada ki fara da ni. Tun ranar Asabar innarki ta daina ɓoye tab ɗinta a ɗaki, tana ajiye shi a kan faifai kusa da inda take aiki, fuskarsa sama, Iya kuma ta koyi kallon wani gefe. Ki amsa mata tukuna, ki yi mata doguwa, ki sa kalmomi masu sauƙi don tana karatu a hankali. Ni na iya jira, na kuwa san inda zan ji labari: ranar da na je Argungu na tarar ta ƙona miya, na san kin rubuto.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya.

Taki har kullum,
Gwaggonki Jamilatu.